Masu Tara Tsofaffin Injunan Shara: Abin Da Suke Adanawa Ya Wuce Ƙarfe

A shekarar 2010 wani ɗan Ingila mai suna James Brown ya buɗe ɗan ƙaramin gidan tarihi a garin Eastwood da ke gundumar Nottinghamshire, kafin daga bisani ya mayar da shi Heanor a Derbyshire. Babu takobi a ciki, babu rigar sarki. Abin da aka jera a kan kantoci shi ne injunan shara masu zuƙe ƙura daga kafet, tsofaffi da sababbi. Kundin bajinta na Guinness ya amince da shi a matsayin wanda ya fi kowa tara irin waɗannan injuna, da samfuri 322 daban-daban.

Brown ba shi kaɗai ba ne. A Amurka akwai ƙungiyar masu wannan sha'awa tun farkon shekarun 1980, kuma takan yi babban taro duk shekara, inda ake baje injuna, a yi musayar kayan gyara, a gwada wanda ya fi wani tsotse datti. A 2009 aka buɗe gidan tarihin injunan shara a garin St. James na jihar Missouri, bisa tarin wani mai gyara, Tom Gasko, wanda ya mallaki ɗaruruwa. Kafin su an yi Stan Kann, makaɗi a gidan wasa na Fox da ke St. Louis, wanda injunansa suka kai shi shirin talabijin na Johnny Carson sau da dama, har ya rasu a 2008.

Da jin labarin, dariya ce ke fara zuwa wa mutum. Amma wanda ya dubi abin da ke kan kantocin nan da kyau zai tarar da shaidar wani zamani da ake ƙera kaya don a kwance su a gyara, da kuma ilmin gyaran da kamfanonin da suka ƙera su suka daina riƙewa.

Daga keken doki zuwa ɗakin kwana

Injin farko da ya yi suna bai ma iya shiga gida ba. A 1901 injiniyan Birtaniya Hubert Cecil Booth ya yi rajistar wata ƙatuwar na'ura mai aiki da fetur, wadda doki ke ja. A bakin titi ake tsayar da ita, a zura dogayen mesa ta taga zuwa cikin ɗakuna. Da ita aka share kafet ɗin majami'ar Westminster gabanin naɗin Sarki Edward na Bakwai a 1902.

Wanda ya shigar da injin cikin gida shi ne James Murray Spangler, mai sharar wani kanti a garin Canton na jihar Ohio. Yana fama da asma, ƙurar kafet kuwa tana tayar masa da ita. A 1907 ya haɗa ƙaramin injin lantarki mai fanka da akwati da sandar tsintsiya, ya ɗaura rigar matashi a baya domin tara ƙurar. Ya sami takardar mallakar fasahar a 1908, amma ba shi da jarin ƙerawa da yawa, sai ya sayar wa William Henry Hoover, mai sana'ar fata da ke yin linzami da sirdi, wanda matarsa 'yar uwar Spangler ce. Kasuwar kayan doki ta fara ja da baya saboda shigowar mota, don haka Hoover ya rungumi sabuwar sana'a. Injinsa na farko, Model O na 1908, yana cikin abubuwan da masu tarawa suka fi nema a yau.

A Suwidin kuma kamfanin Electrolux, wanda Axel Wenner-Gren ya jagoranci kafa shi a 1919, ya fito da injin da ke kwance a ƙasa bisa ƙafafun ƙarfe, ana jan sa da mesa. Daga nan aka sami manyan gidaje biyu da har yanzu masu tarawa ke rabuwa a kansu: mai tsaye da ake turawa, da mai kwance da ake ja.

Abin da ke ɗaga darajar inji

Tsufa kaɗai ba ya sa inji daraja. Masu tarawa sukan duba abubuwa uku. Na farko shi ne cikar kaya: jakar ƙura ta asali, mesa, bakunan da ake sauyawa, kwalin da ya zo a ciki da littafin bayani. Na biyu shi ne zane. A shekarun 1930 kamfanoni sun ɗauko mashahuran masu zana kayan masana'antu: Henry Dreyfuss ya zana wa Hoover samfurin 150, Lurelle Guild kuma ya zana wa Electrolux samfurin 30 na 1937, mai ƙyalli da siffar jirgin ƙasan zamaninsa. A shekarun 1950 Hoover ya fito da Constellation, mai kama da ƙwallo, wanda daga baya aka tsara shi ya riƙa shawagi a kan iskar da yake fitarwa, ba tare da taya ba.

Na uku, wanda ya fi sauran muhimmanci, shi ne ko injin yana tashi. Yawancin masu wannan sha'awa masu gyara ne, kuma tsofaffin injunan suna ba su dama. Gangar jikinsu ta alminiyum ce ko ƙarfe, an ɗaure ta da kusoshi masu kwantuwa da sukundireba. Abubuwan da ke cinyewa sanannu ne, kuma an yi su ne don a sauya: bel na roba da ke juya burushi, 'yan sandunan gawayi biyu da ke kai wuta cikin injin, boris, da wayar wuta. Wanda ya sauya waɗannan, ya wanke fanka, ya sa man giris, sau da yawa zai ji injin da ya shekara sittin ya tashi.

Sai dai ba kowace tsohuwar zuma ake magani da ita ba. Jakar yadi ta tsofaffin injuna tana sakin ƙura mai laushi ta koma iska, abin da matatun zamani suka rage ƙwarai. Suna da nauyi da ƙara, kuma a zamaninsu suna da tsadar da sai mai hali. Waɗanda suka kai yau kuwa su ne mafi ƙarko. Marasa inganci sun daɗe da shiga bola.

Idan kamfani ya tashi

Tarihin Hoover kansa ya nuna dalilin da ya sa aikin masu tarawa ke da amfani. Kamfanin ya koma hannun Maytag a 1989, sannan Whirlpool a 2006, aka sake sayar da shi ga Techtronic na Hong Kong, aka kuma rufe masana'antarsa ta North Canton a 2007. Reshensa na Turai ya koma hannun Candy na Italiya a 1995. Suna ya wanzu, amma ma'aikatan da suka san sirrin tsofaffin samfura sun watse. Abin da ya rage na littattafan gyara, jerin lambobin kayan gyara da takardun talla, babban kasonsa yana hannun masu tarawa ne da 'yan gidajen tarihi, kamar wanda aka yi a gidan da Hoover ya girma a North Canton.

Injunan yau sun bi wata hanya. Tun da James Dyson ya fitar da DC01 marar jaka a Birtaniya a 1993, roba ta mamaye ƙira, daga baya kuma aka koma marasa waya masu batir. Suna da sauƙin ɗauka, amma batir yana da iyakar rayuwa, kuma idan kuɗin sauya shi ya kusa kuɗin sabon inji, mai shi yakan jefar. Matsalar ta kai ga majalisa: a 2024 Tarayyar Turai ta zartar da dokar 'yancin gyara, wadda ta wajabta wa masu ƙera wasu kayayyaki, ciki har da injunan shara, su gyara su a farashi mai ma'ana ko da garanti ya ƙare. Abin da masu tarawa ke yi a garejinsu don sha'awa, shi ne doka ke ƙoƙarin dawo da shi.

Ga wanda ya ci karo da ɗaya

Irin waɗannan injuna sukan shigo Najeriya cikin kayan gwanjo na ƙasashen waje. Duk wanda ya sami ɗaya ya fara duba ɗan farantin da ke ƙarƙashinsa, inda aka rubuta samfuri da ƙarfin wutar da yake ɗauka. Na Amurka bolt 110 zuwa 120 ne, namu kuwa 230, saboda haka jona shi kai tsaye zai ƙone injin nan take; sai da taransfoma mai rage wuta. Wayar roba da ta bushe ta tsattsage a sauya ta kafin a kunna, domin gangar jikin ƙarfe ce, kuma da yawansu ba su da wayar kariya ta ƙasa. Kada a jefar da jaka ko littafinsa komai tsufansu.

Akwai kuma darasi ga masu rubuta takardar neman sayen kayan ofis. Injin da ya shekara sittin yana aiki ya kai haka ne domin ana iya buɗe shi, ana samun kayan gyaransa, kuma wani ya adana littafinsa. Kafin a sa hannu a kan sayen na'urar buga takardu, ko ta sanyaya ɗaki, ko janareta, waɗannan tambayoyi uku ne za su nuna ko kayan zai ga shekara goma a bakin aiki, ko kuwa zai ƙare a sito saboda rashin bel guda ɗaya.