Kafin Ka Ce "Aikin CIA Ne"

Da zarar an yi juyin mulki a wata ƙasa ta Afirka, ko an bindige wani babba, kafin gari ya waye majalisun shayi sun yanke hukunci: aikin CIA ne, ko kuwa hannun Faransa. Ba na raina wannan zato, domin tarihi ya sha gaskata shi. Abin da ke damuna shi ne yawancin masu faɗa ba su da hujja, alhali hujjojin suna nan a rubuce, wasu ma daga alƙalamin waɗanda suka yi aika-aikar.

A fara da Kwango. An kashe Firaminista Patrice Lumumba a lardin Katanga ranar 17 ga Janairu, 1961. Ludo De Witte, ɗan Beljiyam, ya bi takardun gwamnatin ƙasarsa ya rubuta The Assassination of Lumumba, littafin da ya tilasta wa majalisar dokokin Beljiyam buɗe bincike, har ƙasar ta nemi afuwa a 2002. Sai a haɗa shi da Chief of Station, Congo na Larry Devlin, shugaban ofishin CIA a Kwango a lokacin, wanda ya amsa da bakinsa cewa an aiko masa da guba don a saka wa Lumumba, ko da yake ya ce bai yi amfani da ita ba. Devlin wanke kansa yake yi, kuma mai karatu zai gane haka tun shafukan farko. Amma idan ka jera littattafan biyu, za ka ga abin da hirar majalisa ba ta faɗa: sojojin Mobutu, shugaban sojan Kwango, ne suka kama Lumumba, mutanen Tshombe, jagoran Katanga, ne suka karɓe shi, hafsoshin Beljiyam suka tsaya a kan kisan. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Susan Williams, a White Malice na 2021, ta faɗaɗa labarin zuwa Gana da kifar da Kwame Nkrumah a 1966. John Stockwell kuwa, wanda ya jagoranci aikin CIA a Angola, ya ajiye aiki ya fallasa hukumar cikin In Search of Enemies a 1978. Wanda ya karanta shi zai fahimci nauyin matsayin da Janar Murtala Muhammad ya ɗauka sa'ad da ya goyi bayan ƙungiyar MPLA ta Angola, ya bijire wa Amurka.

Wani littafin da nake so matasa su karanta shi ne Legacy of Ashes na Tim Weiner, tarihin CIA tun kafa ta a 1947. Amfaninsa shi ne yana cire tsoro. Hukumar da muke ɗauka ta san komai ba ta hango juyin juya halin Iran na 1979 ba, kuma ta tafka kuskure kan makaman Iraƙi kafin yaƙin 2003. Domin kada a ji ɓangare ɗaya, akwai The Mitrokhin Archive, wanda aka gina kan bayanan da wani ma'aikacin adana takardu na KGB, hukumar leƙen asirin Tarayyar Sobiyat, ya kwafa a ɓoye, ya gudu da su Birtaniya a 1992. A karanta shi da lura, tunda ta hannun hukumar leƙen asirin Birtaniya ya fito.

Na gida ba su da yawa, amma masu nauyi ne. Oil, Politics and Violence na Max Siollun ya bi diddigin mulkin soja a Najeriya daga 1966 zuwa 1976. The Manipulation of Religion in Nigeria na marigayi Dakta Yusufu Bala Usman ya fito a 1987, kuma har gobe bai tsufa ba. 'Yan Nijar masu jin Faransanci su nemi La Françafrique na François-Xavier Verschave.

Duk waɗannan ba za su yi amfani ba in babu ma'aunin tantance labari, kuma a nan ne falsafa ke shigowa. Ni ban ga abin da ya kai Muƙaddima ta Ibn Khaldun ba, wadda ya rubuta a 1377. Tun farkonta ya zayyana abubuwan da ke sa ƙarya ta shiga tarihi: son zuciya ga wani ɓangare, yarda da mai ba da labari ba tare da bincike ba, yi wa masu mulki fadanci, da jahiltar yadda al'umma ke gudana. Ya ma ƙi amincewa da alƙaluman rundunonin da manyan marubuta irin su Al-Mas'udi suka kawo, ya auna su da hankali ya ga ba za su yiwu ba. Daga nan sai a ɗauki Diya'ul Hukkam na Malam Abdullahi ɗan Fodiyo a gwama shi da The Prince na Machiavelli, a ga yadda mutum biyu suka dubi mulki, ɗaya ta fuskar amana, ɗaya ta fuskar riƙe kujera ko ta halin ƙaƙa.

Kusan duk littattafan nan da Turanci suke ko Larabci ko Faransanci, kuma tsadarsu ta fi ƙarfin ɗalibi shi kaɗai. Abokai biyar na iya haɗa kuɗi su sayi ɗaya su riƙa zagayawa da shi. Malaman sassan Hausa na jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato kuwa, don Allah ku fara fassara mana su, ko da babi-babi ne.