Zumuncin da Ba Shi da Jakada: Dokar Amurka kan Taiwan da Abin da Ya Faru a Najeriya da Nijar

In ka zauna wurin mai gyaran waya a bakin titin Gusau zuwa Funtuwa da ya ratsa Tsafe, ka ga ya buɗe cikin Tecno ko Infinix, sau da yawa ƙwaƙwalwar wayar ta kamfanin MediaTek ce, na tsibirin Taiwan. Wayar ta kamfanin ƙasar Sin ce, abin da ke tafiyar da ita kuwa ya fito ne daga wurin da Sin ke cewa lardinta ne da ya ɓalle. Kasuwanci bai taɓa jiran a buɗe ofishin jakadanci ba.

Rigimar ta faro ne a 1949, lokacin da 'yan gurguzu ƙarƙashin Mao Zedong suka ci yaƙin basasa, gwamnatin Chiang Kai-shek ta tsallaka teku zuwa Taiwan. A Oktoban 1971 Majalisar Ɗinkin Duniya ta miƙa kujerar Sin ga gwamnatin Beijin, Najeriya kuwa ta riga ta ƙulla hulɗa da Beijin tun Fabrairun shekarar. Sharaɗin Beijin ɗaya ne: mai son jakadanta sai ya rabu da na Taiwan.

Amurka ma ta bi sahu ranar 1 ga Janairun 1979. Sai dai 'yan majalisarta ba su yarda a bar tsohuwar ƙawa a rana ba. Suka zartar da Dokar Hulɗa da Taiwan, Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a Afrilun shekarar. Dokar ta tanadi wata cibiya wadda a takarda ba ta gwamnati ba ce, amma ita ke ba da biza da kula da harkokin ciniki, wato aikin jakadanci ba tare da sunan ba. Ta ce yarjejeniyoyin da ke tsakaninsu su ci gaba, kuma Amurka za ta riƙa samar wa tsibirin makaman kare kai. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, dokar ba ta wajabta wa Amurka tura soja in an kai hari ba. Da gangan aka bar wurin a dunƙule, don Beijin ta yi shakkar kai farmaki, Taiwan kuma kada ta yi garajen shelar 'yancin kai. An ƙara wasu dokokin, ta 2018 kan ziyarar jami'ai, da ta 2020 kan taimaka wa Taiwan ta riƙe ƙawayenta. Beijin na kallon duk wannan a matsayin katsalandan a cikin gidanta.

Amfanin doka a nan shi ne shugaba ba zai wayi gari ya rushe hulɗar da baki ba. Dubi yadda ta kasance a wajenmu.

A 1992 baitulmalin Nijar ya ƙafe, ma'aikata na bin bashin albashi. Gwamnatin riƙon ƙwarya ta Amadou Cheiffou ta juya ga Taiwan, ta samu rance, Beijin ta tattara ta tafi. Shekara huɗu kacal, a 1996, bayan juyin mulkin Ibrahim Bare Mainasara, aka sake komawa wajen Sin. Yau matatar man SORAZ da ke Damagaram, wadda aka buɗe a 2011, da jarin Sin aka gina ta. Yunwa ce ta ƙulla wancan zumuncin, shi ya sa bai yi ƙarko ba.

Najeriya ba ta taɓa amincewa da Taiwan a matsayin ƙasa ba, amma ta bar ta ta buɗe ofishin ciniki a Legas a 1991, daga baya ya koma Abuja. A Janairun 2017, lokacin ziyarar ministan harkokin wajen Sin Wang Yi, takwaransa Geoffrey Onyeama ya sanar cewa ofishin zai bar Abuja ya koma Legas. Haka kuwa aka yi, har suna aka sauya masa. Ba a buƙaci dokar Majalisar Tarayya ba, domin can ma babu dokar da ta tsaya masa.

Ba na ganin Najeriya za ta kwaikwayi dokar Amurka, kuma ba na ba da shawarar haka. Ƙasar da layin dogonta na Abuja zuwa Kaduna da rancen Sin aka shimfiɗa shi ba ta da bakin yi wa Beijin gatsali, batun sayar da makamai kuwa ba namu ba ne ko kusa. A Afirka ma Eswatini kaɗai ta rage da jakadan Taiwan, bayan Burkina Faso ta janye a 2018. Amma ɓangaren ciniki daban ne. Japan da Indiya da ƙasashen Turai suna saye da sayarwa da Taiwan a kan ƙa'idoji rubutattu, ba su kuma rasa kasuwar Sin ba. Dillalin waken suya ko riɗi daga Tsafe da Bunguɗu, da ɗalibin da ke neman gurbin karatun fasaha, suna buƙatar sanin cewa ƙofar da suka ƙwanƙwasa bana tana nan baɗi. Ya kamata masu wakiltar Zamfara a Majalisar Tarayya su tambayi ma'aikatar harkokin waje a kan wace ƙa'ida cinikinmu da Taiwan yake tafiya.