Darasin Bakolori: Gawa Ba Ta Magana, Amma Kayanta Na Ba Da Shaida

Duk dattijon da ke ƙasar Talata Mafara, Bakura ko Maradun, in ka ambaci masa Bakolori, ba madatsar ruwa kaɗai zai tuna ba. Kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ne ya gina madatsar a kan Gulbin Sakkwato, aka gama ta a 1978. Ruwa ya cinye gonaki da gidajen dubban mutane a wajen Maradun, aikin gyaran filin noman rani kuma ya hana waɗansu manoma yin shuka. Da maganar diyya ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, sai manoma suka tare hanyoyin shiga wurin aikin. A ƙarshen watan Afrilu na 1980, zamanin Gwamna Shehu Kangiwa na tsohuwar Jihar Sakkwato, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta, ƙauyuka irin su Birnin Tudu suka ga tashin hankali.

To, mutum nawa suka mutu? Gwamnati ta ce ashirin da 'yan kai ne. Waɗansu masu bincike kuwa suka ce sun haura 380. Shekara arba'in da ɗoriya ke nan, ba a daidaita kan adadi guda ba. Jama'a, tsakanin waɗannan lissafi biyu akwai 'ya'yan mutane masu suna da iyali. Wannan shi ya sa ya kamata mu san yadda ake riƙon gawa da kayanta a mutuware, wato ɗakin ajiye gawa na asibiti, musamman in mutuwar tana da alamar kisa.

Abu na fari shi ne lamba. Da zarar an kawo gawa, ana ba ta lambar da ba ta kowa ba ce, a ɗaura a hannu ko a ƙafa. Ita wannan lamba za a rubuta a rajista, a jikin jakar gawar, da kan kowane abu da aka samu tare da ita. Kafin a wanke ta ko a tuɓe mata tufafi, sai a ɗauki hotonta da lambar a gefe. Daga nan a rubuta kayan ɗaya bayan ɗaya: riga, takalmi, zobe, waya, kuɗi, katin shaida. A rubuta alamun jiki kuma, kamar tsagar fuska, tabo ko wushirya, domin da su ne dangi kan gane nasu.

Kowane kaya da irin ajiyarsa. Rigar da ta jiƙe da jini ba a ƙulle ta a leda, sai an shanya ta a inuwa ta bushe, sa'an nan a sa ta a jakar takarda, gama laima tana kawo fumfuna, ita kuwa tana lalata ƙwayar halittar da ake kira DNA. Harsashin da likita ya ciro ba a kama shi da hantsakin ƙarfe, domin galibin bindigogin zamani suna barin zanensu a jikin harsashi, in aka ƙarce zanen an ɓata shaidar. Sai a sa shi a ambulan, a liƙe, likita ya sa hannu a kan bakin liƙin.

Amma babban abin shi ne bin sawun hannuwa. Duk lokacin da kaya ya fita daga hannun wani zuwa na wani, daga likita zuwa ɗan sanda, daga ɗan sanda zuwa ɗakin gwaji, daga can zuwa kotu, tilas mai bayarwa da mai karɓa su rubuta suna, rana da lokaci, su sa hannu. In aka sami gurbi ko na yini ɗaya ne, lauya zai miƙe ya tambaya, ina tabbacin wannan harsashi ne aka ciro daga jikin mamacin? Nan take shari'a tana iya rushewa, mai laifi ya tafi abinsa, ko kuwa a ɗora wa marar laifi. Masu karatun Littafin Farawa sun san labarin rigar Yusufu. Rigar tasa ce ba shakka, amma jinin na akuya ne, waɗanda suka kawo ta kuma su ne masu laifin. Yakubu ya yi shekaru yana makokin ɗan da ke raye.

Inda aka kiyaye wannan tsari, an ga amfaninsa. A ƙasar Ajantina an kafa ƙungiyar masu binciken ƙasusuwa a 1984, ta riƙa tono waɗanda mulkin soja ya ɓatar, tana mayar wa iyalai da nasu. A Bosniya, cikin kusan mutum 8,000 da aka kashe a Srebrenica a 1995, an gane fiye da 6,000 ta gwajin DNA. A nan gida ma, bayan faɗuwar jirgin Dana a Legas cikin watan Yuni na 2012, likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Jihar Legas sun gane mafi yawan gawawwakin ta wannan hanya, ko da yake wuta ta ƙona da yawa.

Wani zai ce, mu nan ina muka ga irin waɗannan kayan aiki? Gaskiya ne, wutar lantarki ba ta zama, firijin gawa kuwa yana bukatar sanyin kimanin digiri 4. Cikin zafin ƙasarmu, kwana ɗaya zuwa biyu ya isa fuska ta sāke har ba a gane ta. Ga shi kuma Musulmi da Kirista duka ba mu son jinkirta jana'iza. Yanzu da 'yan bindiga suka addabi ƙauyukan Zamfara, sau da yawa mutanen gari ne ke kwaso gawawwaki daga daji, babu likita babu hukuma. Saboda irin wannan hali ne ƙungiyar Red Cross da Hukumar Lafiya ta Duniya suka fitar da littafin jagora a 2006. Shawararsu ita ce, in ya zama dole a binne mutane da yawa wuri guda, a jera su gefe da gefe, kada a ɗora wani kan wani, kowa da lambarsa a jiki, a kuma zana taswirar kabarin. Wannan bai fi ƙarfin alƙalami, littafi da wayar hannu ba.

Saboda haka, 'yan'uwa, in irin wannan masifa ta faɗo, Allah ya kiyaye, kada baƙin ciki ya sa mu ƙona tufafin mamaci ko mu jefar da kwanson harsashi. A sanar da 'yan sanda da mai gari. A ɗauki hoto kafin wanka. Wanda ya karɓi kaya daga hannunmu ya rubuta sunansa ya sa hannu, mu ma mu riƙe kwafi. A asibiti a nemi takardar shaidar mutuwa, gama gwauruwa da marayu za su bukace ta ranar gado ko diyya. Fastoci da dattawan ikilisiya kuma su kula da rajistar jana'iza: cikakken suna, rana, wuri, da waɗanda suka shaida. In maƙwabcinmu Musulmi ne abin ya shafa, mu taya shi da wannan hidima, gama rashi bai san addini ba. Mutumin da aka rubuta sunansa da lambarsa, ba mai iya cewa wata rana bai mutu ba.