Zuriyar Dabino a Lambun Bogor, da Yadda Ake Gane Kowace da Siffarta

Duk wanda Allah ya nufe shi da zuwa tsibirin Jawa na ƙasar Indunisiya, ya kuma sami sararin barin hayaniyar Jakarta ya nufi kudu tafiyar kimanin kilomita 60, zai riski wani gari a gindin duwatsu mai suna Bogor, wanda mutanen ƙasar suke yi wa laƙabi da birnin ruwan sama, saboda yawan ruwan da ke sauka a kansa. A tsakiyar garin nan, jikin ɗaya daga cikin fadojin shugaban ƙasa, akwai wani lambu mai faɗin hekta 87, wanda kogin Ciliwung ya ratsa ta cikinsa. Wani masanin tsirrai Bajamushe, Caspar Reinwardt, shi ya kafa shi a shekarar 1817 da umarnin Turawan Holan masu mulkin ƙasar a zamanin, ba don shan iska kaɗai ba, sai don a tara itatuwan tsibirai da na ƙasashen nesa wuri guda, a raine su, a rubuta asalinsu, a kuma jarraba amfaninsu.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a lambun nan shi ne sashen da aka keɓe wa zuriyar dabino, wato dangin nan da masana suke kira Arecaceae, wanda aka lissafa masa nau'i wajen 2,600 a faɗin duniya. Baƙon da ya shiga wurin bagatatan sai idonsa ya ruɗe, domin zai ga dogaye da gajeru, masu kauri da sirara, waɗansu a tsaye tilo, waɗansu a cunkushe, kuma dukkansu sun yi tarayya a cikin kama guda, har ya zaci babu hanyar rarrabe su face karanta allunan da aka liƙa musu. Alhali kuwa hanya tana nan, kuma ina ganin Bahaushe ya fi mutane da yawa kusa da ita, tun da ya tashi ya san dabino da giginya da goriba, waɗanda kowace daga cikinsu babi ce mai zaman kanta a wannan fanni. Gane itace ta hanyar siffarsa ba baƙon abu ba ne ga almajirin ilmi. Imamu Buhari ya ruwaito a babin ilmi yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya siffanta wa sahabbai wata itaciya ya nemi su faɗi sunanta, Abdullahi ɗan Umar ya gane dabino ce amma kunyar manya ta hana shi magana. Kuma tun a ƙarni na uku na Hijira malamin lugga Abu Hatim Assijistani ya wallafa littafi sukutum a kan dabino kaɗai.

Farkon aikin mai tahaƙiƙi shi ne kawar da shubuha, domin akwai itatuwan da suka ari kamar wannan zuriya ba tare da sun haɗa jini da ita ba. Daga cikinsu akwai Cycas, mai gajeren jiki da ganye mai tauri, wadda ba ta fure irin na sauran itatuwa ko kaɗan; akwai kuma Ravenala ta tsibirin Madagaska, wadda take shimfiɗa ganyenta gefe da gefe, alhali nasabarta ta fi kusa da ayaba. Ita kuwa 'yar dangi ta haƙiƙa, rayuwarta duka a tsiro guda take, can a ƙoƙon kanta, inda sabon ganye yake fitowa a naɗe yana tsini kafin ya buɗe, in kuwa aka sare wannan tsiro to jikin nan ya mutu ke nan. Ba ta da ɓawo irin na sauran itatuwa, kuma galibi ba ta yin rassa, sai fa goribarmu da 'yan'uwanta kaɗan, waɗanda jikinsu yake rabuwa biyu, kowane ya sake rabuwa biyu.

Bayan an tabbatar da nasaba sai a dubi ganye, wanda shi ne babbar alama ta zahiri. Ko dai ya zama dogon kara guda da ƙananan ganyaye jere dama da hagu, irin na dabino da kwakwa da tukurwa, ko kuwa ya zama buɗaɗɗe daga tsakiya guda irin na giginya da goriba. Da wannan rabo kaɗai mutum ya rage rabin wahala. Amma akwai wata daƙiƙar alama da ba kowa ke lura da ita ba: in ka kama ƙaramin ganye guda na dabino ka dubi yadda ya ninke, za ka tarar bakinsa yana kallon sama kamar indararo mai tare ruwa, alhali na kwakwa a kife yake, yana zubar da ruwan gefe. Dabino da 'yan gidansa, har da kajinjirin da ke fadamunmu, suna kuma da ƙayoyi a gindin zarba, waɗanda asalinsu ganyaye ne da suka ƙanƙance suka taurara. Akwai jinsi guda, Caryota, wanda ganyensa yake rabuwa sau biyu, kowane ƙaramin ganye yana da baki a yayyage irin na wutsiyar kifi, kuma duk wanda ya gan shi sau ɗaya ba zai sake mance shi ba.

Akwai kuma wadda ta ƙi bin ko wanne daga cikin sassan biyu, ita ce Johannesteijsmannia altifrons ta dazuzzukan Sumatra da Borniyo da zirin Malaya, wadda ba a ganin jikinta a sarari, sai manyan ganyaye marasa tsaga da suke tasowa daga ƙasa kai tsaye, har mutanen daji suna rufin ɗaki da su. An sa mata wannan dogon suna ne don girmama Johannes Teijsmann, mutumin da ya riƙe lambun Bogor daga 1831 zuwa 1869, wanda shi da abokin aikinsa Hasskarl suka yi wani aiki da na ɗauke shi mafi girman hidimar da aka taɓa yi wa wurin, wato suka sake tsara itatuwan lambun dangi dangi, kowace kusa da 'yar'uwarta, domin mai nazari ya iya yin ƙiyasi da idonsa ba tare da ya yi doguwar tafiya tsakanin misali da misali ba.

Daga ganye sai a sauko ga jiki. Waɗansu suna da wani santsin kube tsakanin ƙarshen jiki da farkon ganye, wanda gindin ganyayen ne suka rungume juna suka haifar da shi. A jikin Roystonea ta ƙasar Kyuba, wadda ake jerawa a bakin manyan tituna, kuben nan kore ne shar bisa jiki mai ruwan toka. A jikin Cyrtostachys renda kuwa, 'yar fadamun Sumatra da Borniyo, ja ne wur, har mutum ya yi zaton fenti aka shafa. Aren, wadda masana ke kira Arenga pinnata, ana gane ta da baƙin gashi mai kauri da ya lulluɓe jikinta, wanda ake tufka igiya da tsintsiya da shi, kuma daga ruwan furenta ake dafa wani jan sukari, 'ya'yanta kuwa Musulmin ƙasar suna yawan sa su a abin buɗa baki da azumi. Sai rotan, wadda ta bar tsayuwa ta koma hawa, tana saƙale ƙayoyinta a jikin manyan itatuwa har tsawonta ya haura mita 100, kuma da ita ake saƙa kujerun nan da suka zaga duniya.

Sai dai duk waɗannan alamu zato suke bayarwa mai ƙarfi. Yaƙini kuwa yana wajen fure da 'ya'ya. Bahaushen da ya tsaya gaban itaciyar da mutanen ƙasar ke kira lontar zai rantse giginya ce, kuma bai yi nisa da gaskiya ba, domin jinsinsu ɗaya, Borassus. Amma tamu, aethiopum, tana yin kumburi a jikinta can sama idan ta manyanta, 'ya'yanta kuma ruwan ɗorawa ne mai ja-ja, alhali ta Asiya, flabellifer, jikinta miƙaƙƙe ne, 'ya'yanta baƙi-baƙi, kuma a kan ganyenta ne mutanen Jawa da Bali suka rubuta littattafansu na dā. Mafi ban al'ajabi a wannan babi ita ce Lodoicea maldivica, wadda ba ta fitowa da kanta ko'ina a duniya sai a tsibirai biyu na Seshel, Praslin da Curieuse. Ƙwallonta shi ne mafi girma a cikin dukkan tsirrai, yakan haura kilo 15, kuma ɗanta yakan shekara shida ko bakwai a jikin uwa kafin ya nuna. Namiji daban, mace daban, kamar yadda al'amarin yake ga dabino da giginya. Jinsin Corypha kuwa, wanda gebang ta Indunisiya da talifot ta Siri Lanka suke cikinsa, yakan shekara talatin ko fiye bai yi fure ba, sa'an nan ya fitar da wani gagarumin fure guda a bisa kansa, ya zubar da 'ya'ya dubbai, ya mutu.

To, a nan ne amfanin allo yake bayyana. Ana rubuta suna biyu, na jinsi da na nau'i, bisa ƙa'idar da Linnaeus ya daidaita a 1753, tare da dangi da ƙasar asali, kuma kowace itaciya tana da lamba a cikin kundin lambun, inda aka ajiye labarin wanda ya kawo ta da wurin da aka samo ta. Wannan kundi shi ne isnadin itaciya, kuma lambun da ba shi da shi wurin hutawa ne kawai, komai kyansa. Duk da haka ba na ganin ya kamata mai nazari ya fara da allo. Ya dubi ganye, ya dubi jiki, ya nemi 'ya'yan da suka faɗo, ya yanke hukuncinsa, sa'an nan ya karanta ya ga ko ya dace.

Wanda yake tambayar fa'idar wannan ɗawainiya duka, sai ya nemi wurin da aka kafa abin tunawa da kwakwar manja a cikin lambun. A shekarar 1848, zamanin Teijsmann, aka kawo dashe huɗu na wannan itaciya tamu ta Afirka ta Yamma, Elaeis guineensis, ta hanyar Amstadam da tsibiran Tekun Indiya. Aka raine su, aka rarraba irinsu, har ya kai yankin Deli na Sumatra, inda aka riƙa jera shi a bakin hanyoyin gonakin taba don ado. Sai a 1911 wani ɗan Beljiyam, Adrien Hallet, ya buɗe gonar kasuwanci ta farko a Sumatra, a 1917 kuma Henri Fauconnier ya buɗe tasa a Selangor ta Malaya. Bayan haka masana a Yangambi ta Kwango suka gano a 1941 cewa mai siririn ƙoƙo da yawan mai, wadda ake kira tenera, barbara ce tsakanin mai kaurin ƙoƙo da marar ƙoƙo. A 1981 kuma aka kai wani ɗan ƙwaro daga Kamaru zuwa Malesiya don ya riƙa yin barbarar da ma'aikata suke yi da hannu. Yau Indunisiya ita ke samar da fiye da rabin manjan duniya.

Sau da yawa nakan ji ana cewa a wurinmu mutanen Malesiya suka zo suka ɗebi iri bayan samun 'yancin kai, suka bar mu a baya. Gaskiya ne masanansu sun tattara iri a Nijeriya a 1973 tare da cibiyar binciken kwakwar manja da ke kusa da Binin, amma a lokacin gonakinsu sun haura shekara hamsin da kafuwa, tushensu kuwa dashen nan huɗu ne na Bogor. Ina ganin gyara wannan magana wajibi ne, domin ruwayar da muka saba da ita tana nuna kamar sa'a ce ko wayo, alhali abin da ya faru haƙuri ne na fiye da ƙarni guda, da rubutu, da zaɓen iri, da sanin wace uwa ce ta haifi wace.

Ba kuwa alheri zalla ya biyo baya ba. Gonakin manjan nan sun cinye dazuzzuka masu yawa a Sumatra da Borniyo, waɗanda su ne mahaifar irin su Johannesteijsmannia da rotan, har ya zama lambuna ne mafakar waɗansunsu. Mu ma mun ɗanɗani irin wannan ta ɗaya gefen, domin nifa, wato Nypa fruticans, wadda aka kawo Kalaba daga lambun Singafo a 1906, ta yaɗu a bakin tekunmu tana korar itatuwan fadamar gishiri inda kifi ke hayayyafa.

Saboda haka kirana ga jami'o'inmu da ma'aikatun gandun daji shi ne su keɓe wa wannan zuriya fili a lambunansu, su tara giginyar Gaya da goribar Gulbin Kaba da tukurwa da kajinjiri da nau'o'in dabinon da manomanmu suka sani da sunayensu, kowace da allonta da lambarta a kundi, tun kafin masu neman azara su ƙarasa da manyan. Kai kuma mai karatu, in karatu ko fatauci ya kai ka Jakarta, ka ware wa Bogor yini guda, ka riƙi littafin rubutu da alƙalami, kuma ka yi sammako, domin ruwan garin ya fi sauka bayan azahar.