Awon Mai da Iska a Garejin Azare

Tun daga 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, kukan direbobin hanyar Azare zuwa Kano da Potiskum ya zama ɗaya: mota tana shan mai. Litar da ba ta kai naira 200 ba, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Motocin Sharon da Golf da a da ba a kai su gareji sai sun ƙi tashi, yanzu ana kai su ne a ce, "Maigida, a sa ta a kwamfuta."

Tsadar mai ce ta ingiza abin, amma motocin ma sun canza. Mai kafireto bakanike kan saita ta da kunne da sukurdireba. Mai injekta kuwa tana da ƙwaƙwalwa wadda ke jin ta bakin sensa da ke maƙale a salansa, tana shinshina hayaƙi. Kamfanin Bosch ne ya fito da irin wannan sensa a 1976. Burin injin fetur shi ne kashi 14.7 na iska ga kashi ɗaya na mai, bisa nauyi. Mai ya yi yawa, sai baƙin hayaƙi da fulogi mai kunkunniya. Ya yi kaɗan, injin ya ɗau zafi.

Yawancin tsofaffin motocin nan ƙaramar sensa ce a jikinsu, wadda wutarta ke lilo tsakanin volt 0.1 da 0.9. Iyakar saninta ko an wuce 14.7 ko ba a kai ba. Nawa aka wuce, ba ta sani ba. Babbar sensa, irin Bosch LSU 4.9, ita ce ke karanta ainihin rabon, amma da tsada, kuma wasu agogunan da ke nuna awonta sai an cire sensar daga salansa an saita su a iska tsantsa, inda iskar shaƙa take kashi 20.9 cikin ɗari. Agogon da aka daɗe ba a saita ba kamar mudu ne da aka doke wa gindi: zai auna, ba zai cika ba.

Ko agogon lafiya lau yake, motar na iya yi masa ƙarya. Idan salansa ta huje kafin a kai ga sensa, iskar waje na kutsawa, ƙwaƙwalwa ta ɗauka mai ya yi kaɗan, ta ƙara kwararo shi. Direba ya canja sensa, ya canja nozul, alhali aikin mai walda ne na 'yan mintoci. Injin da ke cin baƙin mai yana toshe bakin sensa da toka. Ƙurar hunturu ta ƙasar Katagum tana dasƙarewa a kan ma'aunin iskar da ke shiga injin. Man ma ba tabbas: ko na gidan mai an taɓa shigo da mai haɗe da sinadarin methanol a Fabrairun 2022, balle na 'yan bumburutu.

A ganina babban haɗarin yana wajen mai motar da ke matsa wa bakanike ya rage mai ko ta halin ƙaƙa. Mota mai lodin fasinja da buhuna a but, cikin zafin Afrilu, in aka taka mata totur tana bukatar mai fiye da 14.7, wajen 12.5 zuwa 13. Aka shaƙe ta, sai ƙarar fistin, sai ƙonewar bawul, kuɗin da aka rage a gidan mai ya tafi wajen sauke injin.

Gas ɗin CNG da gwamnati ke tallatawa zai ƙara dagula lissafin, domin shi rabonsa ya kai kusan 17 ga ɗaya. Agogon da aka saita don fetur zai ci gaba da nuna 14.7 a kan motar da ke ƙona gas daidai, kuma bakaniken da ya murɗa ta don neman 17 a allon zai bar injin da ƙishirwa.