Gudun motsa jiki a Madawa: a tara jimiri kafin a nemi sauri

Duk wanda ya fito bayan sallar asuba kan babban titin da ya ratsa Madawa, daga Ƙonni zuwa Maraɗi, zai ga matasa da magidanta suna gudun motsa jiki. Daga cikinsu akwai ƴan kasuwa masu wuni zaune a shago ko a rumfar albasa, waɗanda aka yi wa kashedi a likita game da hawan jini ko ciwon suga. Sai dai da yawa sati biyu kawai suke yi su daina. Koken da muke ji daga masu sauraronmu a rediyo iri ɗaya ne: numfashi na ƙarewa, gwiwa na ciwo, kuma saurin bai ƙaru ba.

Dalilin dai gaggawa ce. Mutum ya shekara goma kabu-kabu ke kai shi kasuwa, ran da ya fara gudu sai ya ce zai yi tsere da ɗan shekara 18. Alhali jimiri kamar adashe yake, sai an yi ta zubi kafin a kwasa. Gudu a hankali shi ke ƙarfafa zuciya, ya kuma ƙara ƙananan hanyoyin jini masu kai iska ga tsoka. Jijiyoyi da gaɓoɓi kuwa sun fi zuciya jinkirin sabawa, shi ya sa mai gaggawa ke ƙarewa da ɗingishi.

Ko manyan ƴan tsere haka suke yi. Eliud Kipchoge na Kenya, wanda ya gudu kilomita 42 cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a birnin Biyana a 2019, mafi yawan atisayensa gudu ne mai sauƙi. Masu bincike sun lura cewa wajen kashi 80 cikin 100 na atisayen irin waɗannan gwanaye a hankali ake yinsa.

To, yaya za a fara? Kwana uku a sati sun isa, da hutun kwana guda a tsakani. A yi gudun minti 1, a yi tafiyar minti 2, a maimaita har minti 20. Kowane sati a ɗan ƙara gudun, a rage tafiyar. Ma'aunin kuwa ba ya buƙatar agogo mai tsada: in kana iya hira da abokin gudunka, kana daidai. In magana ta gagara, ka sassauta.

Sai mutum ya iya gudun minti 30 ba tsayawa, abin da kan ɗauki wajen wata biyu, sannan ya nemi sauri, kuma sau ɗaya tak a sati. Ya yi minti 1 da ƙarfi, minti 2 a hankali, har sau shida. Mutanen Buza da Keita Allah ya hutar da su, domin tuddan Adar na ƙofar gidansu. Hawa tudu da gudu, a sauko da tafiya, yana ƙarfafa ƙafa ƙwarai. Mu na kwarin Tarka kuwa muna da rairayi, amma a shige shi da kaɗan-kaɗan, don yana gajiyar da agara.

Iyayenmu mata ƴan kasuwa, ba a bar ku a baya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2020, ta ce baligi na buƙatar aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a sati, kuma tafiya da sauri na ciki. Minti 30 sau biyar ke nan. Ku haɗu ku uku ko huɗu, kowa da hijabinta, kafin a fita da kaya. Mai juna biyu da mai ƙarancin jini su fara neman shawarar ungozoma ko malamin likita.

Zafi shi ne babban haɗari a ƙasarmu. A watannin Afrilu da Mayu yakan wuce digiri 40, don haka a gama gudu kafin rana ta ɗaga. A sha ruwa kafin a fita da bayan an dawo. Fitsari ya yi ja, alamar ruwa ya yi kaɗan ce. Ran da hazon hunturu ya yi kauri, mai asma ya haƙura. Cikin azumi a rage, a bari sai bayan an sha ruwa. A bakin titi kuma a riƙa fuskantar motoci masu zuwa, saboda manyan motocin da ke wucewa da duku-duku. Takalmi mai laushin ƙasa, ko na gwanjo ne, ya fi silifa.

Wanda ya ji ciwon ƙirji, jiri ko bugun zuciya da bai saba ji ba, ya tsaya nan take ya nufi likita. Mai hawan jini ko suga, da wanda ya haura shekara 40 bai saba motsa jiki ba, a auna shi kafin ya fara. Kuɗin awon bai kai asarar wata guda a kwance, rumfa a rufe ba.

Allah ya ba mu lafiya da kasuwa mai albarka.