Nauyin Iska da Sauyin Yanayi a Ƙasar Suwizalan

Iskar da ke kewaye da duniya tana da nauyi, ko da yake jikin ɗan Adam ba ya jin sa. Ana auna nauyin nan da wani ma'auni da ake kira baromita, wanda Torricelli, mutumin Italiya, ya ƙago a shekarar 1643. A bakin teku nauyin yakan kai kimanin miliba 1,013. Ƙa'idar ita ce, iska takan taso daga inda nauyinta ya yi yawa ta nufi inda ya ragu. Wannan ƙa'ida ce ke koro iskar hunturu daga Hamadar Sahara zuwa Nijeriya.

A Suwizalan, wadda ke tsakiyar Turai, manyan duwatsun Alps sun gitta ƙasar, sun raba kudu da arewa. Saboda haka ma'aikatan duba yanayi sukan gwada awon birnin Lugano na kudu da na Zurich na arewa. Idan na Lugano ya ɗara da miliba 4 ko fiye, sai a sa ido ga iskar da suke kira Fon.

Ga yadda take aukuwa. Iska mai laima daga Bahar Rum takan hau duwatsun ta kudu, ta huce, ta zubar da ruwanta a can. Sa'an nan ta gangaro arewa a bushe, zafinta yana ƙaruwa da kimanin digiri 1 a kowace mita 100. Kafin ta isa kwarin Altdorf ta zama iska mai ɗumi da ƙarfi. Takan narkar da dusar ƙanƙara, ta taimaki inabi ya nuna, amma kuma takan busar da katakon gidaje ƙayau.

A daren 10 ga Mayu, 1861, gobara ta tashi a garin Glarus ana cikin Fon, ta cinye kimanin kashi biyu cikin uku na garin. Haka Meiringen ya ƙone a 1879, ya sake ƙonewa a 1891. Domin gudun irin wannan masifa, garuruwan kwari suna da masu gadi a dā, waɗanda kan zaga su tabbatar an kashe wuta da zarar iskar ta taso.

Idan kuwa nauyin ya taru a arewa ya ragu a kan Bahar Rum, sai wata iska mai sanyi, watau Biz, ta buso daga arewa maso gabas, ta tsananta a bakin tafkin Janeba.

Abin lura shi ne, awon gari ɗaya ba ya wadatarwa, sai an gwada shi da na wani gari. Da haka ake gargaɗin manoma, da matuƙa jiragen ruwa, da 'yan kwana-kwana tun iskar ba ta iso ba. Rigakafi ya fi magani.